Hannun Guduma

"Ciwon me?" Guduma ya sake tambaya. Ya ji ta sarai tun farko, so yake sauran 'yan ɗakin ma su ji.

"Hannu, Yallaɓai," in ji Sabuwa. Ta ɗan ɗago hannunta na dama, wanda ta naɗe da bandeji daga tsintsiya har kusa da gwiwa. "Daga yatsu yake ja har kafaɗa. An ba ni lokaci a asibiti yau da rana, shi ne na ce bari in nemi izini."

Guduma ya jingina da kujera, ya bi ta da kallo ta saman gilashinsa, daga ɗankwali har takalmi. Shi ne shugaban sashen shigar da bayanai na kamfanin inshorar. Dogon ɗaki ne mai tebura layi biyu, tagogi a rufe, iyakwandishan na ta gurnani, kowane tebur da kwamfutarsa da tsibin fayilolin da ke jiran a buga abin da ke cikinsu. A kan tafireta ya koyi aiki tun yana saurayi, kuma har yau dukan kibod yake yi kamar maƙeri ya sami jan ƙarfe, shi ya sa yaran sashen suka laƙaba masa Guduma. A bayan idonsa, ba shakka. Ita kuwa Sabuwa ta haura shekara a wurin, amma da yake har yanzu ba a tabbatar da ita a aiki ba, laƙabin da aka sa mata ranar da ta zo ya ƙi sakin ta.

"Bulo kika ɗauka?"

"A'a, Yallaɓai."

"To rijiya kika haƙa kafin ki fito?"

Wani a layin baya ya yi dariya, irin wadda ake yi wa barkwancin shugaba ko da ba gishiri.

"Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce kwamfutar ce," ta ce a hankali. "Wai jijiya ce ta kumbura saboda..."

"Kwamfutar ce!" Ya juya ga ɗakin kamar mai neman shaidu. "Kun ji ko? Ana zaune a kujera mai laushi, sanyi na kaɗa mutum, ana taɓa maɓalli kamar ana shafa kan mage, wai kuma an ji ciwo. Yarinya, a zamaninmu takardu muke jerawa da takardar kabon a tsakani, sai ka daki harafi da ƙarfin da zai fito a ta ƙarshe. Ka yi kuskure ɗaya, a jefo maka fayil a fuska ka sake daga farko. Wa ya taɓa naɗa bandeji? Ku in ban da latsa waya me kuka iya? Ita wannan hannu ba ya ciwo a kanta."

Idonta na kan gefen teburinsa.

"Ga aiki can ya taru a gabanki. In kin gama, asibiti ba gudu zai yi ba. In kuma kika sa ƙafa kika fita kafin lokacin tashi, to ki tuna ni ake tambaya kafin a tabbatar da mutum a kamfanin nan. Je ki."

Duk wannan jawabi da hannun hagu ya yi shi, da shi ya yi nuni, da shi ya buga tebur. Na daman yana ƙasa, ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, don tun da ya zauna da safe yake masa zugi kamar an cusa shi cikin garwashi.

Abin ya daɗe da farawa. Da fari kamar kiyashi ne ke yawo a cikin yatsunsa, sai ya yarfe hannu ya ci gaba. Daga baya ya koma kamar an ɗaure masa tsintsiyar hannu da waya ana murɗawa. Yanzu kuwa har wuyansa yake hawa. Cokali kan suɓuce masa yana tsakar cin abinci. Da safen nan ma matarsa ce ta sa masa maɓallan riga, tana yi tana mita, shi kuma yana kallon silin kamar ba da shi ake ba. Amma a ganin Guduma nasa ciwon daban ne. Sanyi ne ya shige shi, ko kuma ya danne hannun ne da barci. Ba irin na yaran nan ba ne masu neman dalilin fita yawo.

Abin da ke damunsa shi ne kamfani ya yanka wa kowa kasonsa na takardu a rana, har da shi shugaban sashe. Da hannun ya fara gardama sai ya samo dabara. Shi ke raba fayiloli kowace safiya, don haka yakan zare rabin nasa ya cusa cikin tsibin Sabuwa, saboda ta fi kowa sauri, kuma mai jiran a tabbatar da shi ba ya tambayar abin da aka ɗora masa. A sama ba a damu da hannun wa ya buga ba, tsibi dai ya ƙare. Shi kuma ya wuni yana dukan kibod da hagu jefi-jefi don a ji ƙara. To in ta fita yau, wa zai yi?

Da hantsi aka ce Manaja na kiransa.

A lissafin Guduma, Manajan yaro ne. Lokacin da shi ya fara karɓar albashi, wannan ko rarrafe bai fara ba. An dai tura shi waje ya yi karatu, ya dawo da ɗan gemu kamar na bunsuru, da agogo mai ƙirga bugun zuciya, da wata kujera mai bin bayansa duk inda ya karkata. Har wani ɗan matashi mai laushi ne da shi a gaban kibod, wai na ɗora tsintsiyar hannu. Guduma ya kalli matashin ya yi tsaki a zuci, a fili kuma ya rusuna.

"Ranka ya daɗe."

"Baba, zauna mana." Manaja bai ɗago daga wayarsa ba. Baba yake ce masa, da muryar da ake ce wa tsohon maigadi Baba. "Hedkwata sun matsa mini. Sun ce sashenku mutane sun yi yawa, aiki kuma bai taka kara ya karya ba. So suke a rage. Duk wanda jikinsa ba zai iya ɗaukar sabon tsari ba, a sallame shi cikin mutunci."

"Gaskiyarsu ne, ranka ya daɗe. Yaran yanzu ba su da ƙashin aiki."

"Ai ba yara kawai suka ce ba." Sai a lokacin ya ɗago, ya yi murmushi. "Zo ka nuna mini inda kuka kwana a takardun watan jiya."

Ya juyo masa kwamfutar, ya turo masa maus. Ba yadda za a yi Guduma ya miƙa hagu a gaban yaron nan. Ya ɗora na dama. Yatsun ba su ji abin da suka taɓa ba, sai ka ce ya sa safar hannu mai kauri. 'Yar kibiyar ta zabura ta haye kusurwar allo, ta dawo a guje, ta buɗe wani abin da ba wanda ya tambaya. Zugin ya harba masa har cikin kunne.

Manaja ya yi 'yar dariya ta hanci. "A hankali, Baba, ba tafireta ba ce. Hannun dai lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Abin naka ne ya cika santsi."

"To madalla." Ya janye maus ɗin da yatsu biyu, ya buɗe wurin da kansa cikin ƙiftawar ido. "Yarinyar nan fa da ke kan gwaji? Sun ce in ba su amsa cikin makon nan."

"Ina duba ta tukuna."

Ya fito gumi na bin bayansa duk da sanyin ofishin. Ɗan gata kawai, ya ce a ransa, wanda bai taɓa cika fayil ɗaya da hannunsa ba. Amma maganar nan ta "ba yara kawai ba" ta bi shi har kujerarsa ta zauna tare da shi. 'Yar autarsa ba ta gama makaranta ba, ginin da ya fara ko rufi bai kai ba. Mutum mai shekarunsa in aka sallame shi cikin mutunci, mutuncin kawai zai kai gida.

Da aka tashi hutun cin abinci, Sabuwa ta kashe kwamfutarta da hannun hagu, ta rataya jaka, ta zo ta tsaya a gaban teburinsa.

"Yallaɓai, zan je asibitin. In na rasa yau sai wani watan. Gobe zan zo da wuri in ƙarasa."

"Na ce ki je?"

"Ba ka ce ba."

Ta ɗan rusuna, ta fita. Kowa ya sunkuya kan kibod ɗinsa, amma Guduma ya san kunnuwa duk a tsaye suke. A gaban yaransa! 'Yar da jiya-jiyan nan ta shigo tana rawar murya, takardun makarantarta a cikin leda, ita ce yau za ta taka maganarsa ta wuce. Bai bari ƙarar takalminta ta gama ɓacewa a matattakala ba, ya miƙe ya nufi ofishin Manaja.

"Na gama dubawa, ranka ya daɗe. Ba ta da amfani. Raguwa ce, ga kuma rashin kunya. Yanzun nan ta fice ba izini, wai hannu ke mata ciwo."

"Hannu?" Manaja ya ɗaga gira. "To ka ga irin waɗanda hedkwata ke magana ke nan. Shi ke nan, zan sanar da ofishin ma'aikata."

Ya koma kan wayarsa. Guduma ya fito yana jin kamar an sauke masa dutse daga ka. An sami wanda za a rage, kuma ba shi ba ne.

Da yaran suka dawo daga cin abinci, ya kwashi tsibin Sabuwa da hagu ya tallafe shi a ƙirji, ya dire a kan teburinsa da ƙarfi.

"Ku buɗe ido ku ga yadda ake aiki."

Ya gyara gilashi, ya ɗora hannaye biyu. Na ɗan lokaci tsohon sautin ya dawo, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har tebur na girgiza. Ya gama takarda ɗaya, ya shiga ta biyu, yana cije da leɓe. A tsakiyar sunan wani mai inshorar mota hannun ya riƙe. Wani abu kamar wutar lantarki ya taso daga tafin hannu ya bi ta gwiwa ya soke shi a kafaɗa, yatsun suka dunƙule suka ƙi buɗewa. Sai da ya ga duhu-duhu. Ya miƙe a hankali, ya ce wa na kusa da shi, "Ina zuwa," ya taka zuwa banɗaki ba tare da ya yi sauri ba, don kada a ce wani abu.

A can ya kulle ƙofa, ya sakar wa hannun ruwan famfo, ya jingina goshi da bango. Ruwan bai yi komai ba. Ya lalubo waya da hagu ya kira matarsa.

"Yau kuma ni ake nema da rana tsaka?" in ji ta. "Lafiya?"

"Ƙanwarki ɗin nan ta asibiti, tana aiki yau?"

"Hannun ne ko?"

"Tambayarki na yi."

"Tun yaushe nake ce maka ka je? Ka ce kai ba rago ba ne, ubanka bai taɓa shan ƙwaya ba har ya koma ga Allah. Girman kai rawanin tsiya, Malam. Ba ga asibitin kamfaninku nan bayan ofis ba?"

"Waɗannan duk abin da suka gani sai ya hau teburin Manaja. Ki kira ta kawai. Kuma kada ki ce mata..."

"Kada in ce mata me? Ai ta riga ta sani, ni na gaya mata wa ke sa maka maɓalli. Bari in kira ta, ta sa a karɓe ka a sashen gashin ƙashi. Ka daure ka je, don ni ma nawa hannun ya fara gajiya."

Ya koma ɗakin aiki ya ce wa yaran zai leƙa ma'ajiyar tsofaffin fayiloli da ke can wani gefen gari, kuma duk wanda ya dawo ya tarar bai gama kasonsa ba ya kuka da kansa. Ya cusa hannun dama cikin ƙirjin rigarsa kamar mai jin sanyi, ya fita.

Bas ɗin da ya shiga a cike take maƙil. Ya sami tsayuwa a tsakiya, ya kama ƙarfen sama da hagu. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya ji shi a kafaɗa. Wata mata mai kwando a cinya ta yi ta kallonsa, can ta muskuta za ta tashi.

"Baba, zo ka zauna. Na ga kamar hannunka..."

"Wa ya ce miki hannuna ya yi wani abu?"

"Allah ya ba ka haƙuri," ta ce, ta gyara zamanta ta juya ga taga.

Haka ya tsaya har ƙarshen hanya, yana kallon wani matashi da ke latsa waya da manyan yatsu biyu, yana raina shi a zuci.

Asibitin babba ne, a can ƙarshen gari, inda yake da tabbacin ba wanda ya san shi. Ƙanwar matarsa tana ɗakin haihuwa ba za ta iya fitowa ba, amma ta bar sallahu. Mai ba da kati ya miƙo masa nasa ya ce ya bi dogon baranda har ƙarshe, ya zauna za a kira shi.

Sashen gashin ƙashi benci biyu ne suna fuskantar juna a gaban wata ƙofa mai launin ruwan toka, wurin na warin man zafi da sabulun goge ƙasa. Mutane sun cika shi, kuma ga alama sun daɗe, don har sun saba da juna. Wani tela siriri, tef ɗin awo har yanzu a wuyansa, yana ba da labarin yadda kafaɗarsa ke ƙara in ya ɗaga ta. Wata mai kitso tana nuna yatsunta da suka kumbura kamar an hura. Direban babbar mota na zaune ƙiƙam da wani abu fari a wuya, in zai kalli mutum sai ya juyo da jikinsa duka. Kowa na yabon ciwonsa kamar mai tallan haja.

Kasuwar ragwaye, in ji Guduma a ransa. Ya zura katin a aljihu, ya zauna a can ƙarshen benci, ya bar tazara tsakaninsa da telan.

"Yallaɓai?"

Sabuwa ce. Tana bencin da ke kallonsa, jikin mai kitson ne ya kare ta. Jakarta a cinya, hannun mai bandeji a kan jakar.

"Ke kuma?" ya ce. "Duk asibitocin garin nan sai nan?"

"Na kamfani rahoto suke kaiwa ofis. Shi ya sa." Idonta ya sauka kan ƙirjin rigarsa, inda hannun ke ɓoye. "Kai ma..."

"Dubiya na zo." Maganar ta fito tun kafin ya shirya ta. "Wani ɗan'uwan matata ne ya karye. Yana ciki."

"Allah ya ba shi lafiya."

"Amin."

Telan ya matso, ya cinye tazarar da aka bar masa. "Maigidanki ne a wurin aiki?"

"Shi ne."

"Kai, kin yi dace! Ni nawa maigidan ko a mafarki ba zai tako asibiti ba. Ranka ya daɗe, ku riƙa sassauta musu mana. Kwamfutar nan cin hannu take yi kamar keken ɗinki, wallahi. Ɗan yayata ma haka ta yi masa."

"Aiki ba ya kashe mutum," in ji Guduma, yana kallon bango.

"Ba ya kashewa, amma yana naƙasawa," in ji mai kitso.

Shi da ya yi shekara da shekaru yana shugabantar sashe, ba zai tsaya musu da mai kitso ba. Lissafi yake yi. In aka kira Sabuwa ta shiga kafin shi, sai ya ɓuya a baranda har ta fito ta tafi. In kuma aka riga kiransa, sai ya ce ɗan'uwan ne ya aiko a shigo da shi. Zugin kuwa bai san da wani lissafi ba, sai ƙaruwa yake.

Layin ya yi ta ja a hankali. Direban ya shiga ya fito, wasu ma suka shiga. Rana ta karkata, haskenta ya shigo ta ƙarshen baranda.

Wayar Sabuwa ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro ta da hagu, ta duba. Saƙon gajere ne, daga inda yake zaune yana iya ganin bai cika allon ba, amma ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kashe fuskar wayar ta kife ta a kan jaka.

"Lafiya, 'yata?" in ji mai kitso.

"Ofishin ma'aikata ne. Sun ce kada in zo gobe." Muryarta ba ta yi rawa ba. "Wai shugaban sashena ya ce ba ni da amfani."

"Innalillahi! Don kin zo asibiti? Wane irin marar imani ne wannan?"

Telan ya buɗe baki zai sa nasa, sai ya tuna. Ya juyo a hankali ya kalli Guduma. Mai kitson ta bi idonsa. Nan da nan duk bencin ya gane, telan kuma ya ja jikinsa ya mayar da tazarar da ya cinye, har da ƙari.

"Na gaya miki tun da safe," in ji Guduma. "Ke kika zaɓa."

"Ka gaya mini."

"Kamfani ba gidan marayu ba ne. Akwai doka."

"Akwai." Ta gyara bakin bandejin da ya kwance. "Rabin tsibin da nake bugawa kullum naka ne, Yallaɓai. Tun bara na gane. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

"Ƙarya kike yi."

"To."

Da ta yi kuka ne, ko ta zage shi, da ya san abin yi, don ya saba da duka biyun. Kallonsa kawai ta yi, irin kallon da mutum ke yi wa abin da ya taka a hanya kafin ya goge takalminsa, sannan ta kawar da kai.

Ƙofar ta buɗe, wata nas mai ƙiba ta fito da katuna a hannu.

"Jama'a, ku yi haƙuri, likita zai shiga taro. Mutum ɗaya kawai ya rage da za mu iya gani yau. Sauran ku je taga a ba ku wani lokacin."

Aka hau gunaguni. Ita ko a jikinta, tana ta juya katunan.

"Ina dattijon da abokiyar aikinmu ta ɗakin haihuwa ta ce a gani? Mijin yayarta? Mai aikin kwamfuta, hannun dama?"

Ba wanda ya amsa.

"Wanda aka ce yatsunsa sun dunƙule, ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Yana ina?"

Guduma ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Ƙofar a buɗe take, yana hango gefen wani gado mai farin zane da wata na'ura mai jan haske. Taku kaɗan ne tsakaninsa da ita. Hannun kansa kamar ja yake yi ta can. Idon nas ɗin ya zagaya ya tsaya a kansa, a kan furfurarsa da hannun da ke cikin riga.

"Baba, ba kai ba ne?"

Ya buɗe baki.

"A'a, sista," in ji Sabuwa, da ladabi sosai. "Wannan dubiya ya zo. Maigidana ne a ofis, na san shi. Hannunsa lafiya ƙalau. Shi ba ya ciwo."

Nas ta kalle ta, ta sake kallonsa. "Haka ne, Baba?"

Telan na kallonsa. Mai kitso na kallonsa, ta riƙe haɓa. Har wani tsoho mai sanda da bai ce uffan ba tun ɗazu ya ɗago kai.

"Haka ne," in ji Guduma.

"To shi ya jiyo, wanda aka yi wa alfarma bai zo ba. Wa ke biye?"

"Ni ce," in ji Sabuwa.

Ta miƙe, ta rataya jaka a kafaɗar hagu, ta wuce ta gabansa har gefen zanenta na shafar gwiwarsa. Ba ta waiwayo ba. Ƙofar ta rufe.

Sauran suka tashi suna mita suka nufi taga. Telan ya tsaya a kansa kamar zai ce wani abu, sai ya gyara tef ɗin wuyansa kawai, ya yi tsaki, ya bi su. Guduma ya zauna shi kaɗai a bencin na ɗan lokaci. Ya san in ya je tagar nan zai tarar da su a layi, su ga kati a hannunsa. Ya tashi ya bi barandar ta ɗaya gefen.

Yana fita ƙofar asibiti wayarsa ta yi ruri. Manaja ne.

"Baba, ina ka shiga? Na leƙo ba ka nan."

"Ina ma'ajiya, ranka ya daɗe. Yanzu zan dawo."

"Yauwa. Yarinyar nan an sallame ta, kamar yadda ka ba da shawara. Sai dai hedkwata sun ce ba za su ba mu wata a madadinta ba, ka san ragewa ake yi. Ga tsibinta nan na gani a teburinka, kuma gobe da safe ake son takardun."

Wata motar asibiti ta wuce shi da jiniya.

"Kana jina? Na ce musu kada su damu, daga yau kai za ka riƙa haɗa nata da naka. Na gaya musu ai kai tsohon hannu ne, ba ka da irin wannan rakin na yaran zamani. Ko na yi ƙarya?"

"Ba ka yi ba, ranka ya daɗe."

"Madalla. Sai ka iso."

Bai kai ga mayar da wayar aljihu ba ta sake ruri. Matarsa ce. Ya tsaya yana kallon allon har kiran ya katse, ya sake shigowa. Ya zura ta a aljihu tana ta yi, ya tsallaka titi zuwa gefen masu komawa cikin gari. Da bas ta taho, ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ita.